Isyaku Tsakanin Tsayuwar Wata da Ranar Biya

Duk wanda ya yi leburancin fata a Kano a shekarun 1950 ya san Isyaku na Sheshe, in bai san fuskarsa ba to ya ji labarin hannunsa. Ni kuwa, Ilu, na san shi fiye da kowa. Unguwarmu ɗaya, tare muka tashi, tare muka shiga aiki a wani kamfanin fata da ƙirgi da ke bayan gari, can gefen layin dogo. Har gidan haya ɗaya muka zauna, bangon ɗakina shi ne bangon nasa. Kullum bayan sallar asuba tare muke fita ta Ƙofar Wambai, mu ratsa Fagge, mu isa sito kafin a buga ƙarfe.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa kusan kaurinsu ɗaya. Dilar ƙirgin da mutum biyu ke ciccibawa suna nishi, shi kaɗai yake saɓa ta a kafaɗa. Magana ce ba ta zo masa da sauƙi, shi ya sa hannunsa ke riga bakinsa. A gabana ya taɓa marin wani mai amalanke har sai da ya zauna a cikin kwata, don kawai ya taka shi bai ce masa sannu ba. Amma ba ya caca, ba ya shaye-shaye, kuma in ya ci bashinka, ranar da ya faɗa ranar zai kawo. Wannan halin mutane suka yi ta yaba masa, ni kuma na ga inda ya kai mu.

Uban Isyaku maɗinki ne. Da idonsa ya yi rauni aiki ya tsaya, sai ya jinginar da gidansu ga maƙwabcinsu, Alhaji Jibrin mai fataucin goro, a kan fam ashirin. Ya rasu bai fansa ba. Gidan ba wani gida ba ne, zaure ne da ɗaki biyu da rijiya. Alhaji ya cika shi da huhunan goro. Isyaku da matarsa Lauratu da 'yarsu ɗaya suka koma haya a lungu na gaba, kullum sai ya wuce ta ƙofar gidan da aka haife shi ya ga ƙattai suna shiga da kaya ba ko sallama.

A cikin azumin 1954 Alhaji ya ce ya gaji da jira, zai fasa katanga ya haɗe gidan da nasa. Isyaku ya ɗauko taɓarya ya je ya tsaya a ƙofar zauren, ya ce duk maginin da ya taɓa katangar nan a kan makara zai koma gida. Da ƙyar dattawan unguwa suka janye shi. Aka zauna a zauren liman, ina cikin shaidu. Aka yanke cewa Isyaku zai riƙa biyan fam ɗaya duk tsayuwar wata, har wata ashirin. Daren da aka ga wata, to washegari kafin magariba kuɗi su shiga hannun Alhaji. In ya cika ashirin, gida nasa ne. In ya tsallake ko sau ɗaya, a mayar masa da abin da ya biya, gida ya zama na Alhaji har abada. Aka shafa fatiha, kowa ya tashi yana murna.

Duk cikinmu babu wanda ya ga ramin da ke cikin maganar nan, har ni da nake taƙama na fi shi wayo. Mu mutanen cikin gari in an ce wata, na sama muka sani. Kamfani kuwa da watan Bature yake biya, ranar ƙarshe, fam uku da sule biyar. A lokacin da aka yi zaman, wata yana tsayawa ne kwana uku ko huɗu bayan biya, don haka Isyaku ya ga abin daidai yake, ya karɓi albashi, ya ware fam, ya jira wata. Ba mu lura ba cewa na sama ya fi na Bature sauri. Kowane zagaye sai ya matso da kwana ɗaya ko biyu.

Wata uku na farko lafiya lau. Na huɗu, watan cika-ciki, ya faɗo rana ɗaya da biya, Isyaku ya baro sito da gudu ya kai kuɗin ana shirin kiran magariba. Na biyar ya riga biya da kwana ɗaya, aljihunsa ba ko anini. Ni na ba shi sule goma da na ajiye, muka bi abokan aiki sisi-sisi muka cika sauran. Washegari aka biya mu, ya mayar wa kowa nasa, yana dariya wai wata ya yi masa shigar sauri.

Da na shida ya riga da kwana uku, dariya ta ƙare. Ya sa babbar rigarsa ya je wajen Alhaji, na raka shi. Ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba in ba ubansa ba.

Ya ce, "Alhaji, alfarma nake roƙo. A mayar min da ranar ta zama ranar da ake biyanmu. Kuɗinka ba za su ragu da kwabo ba."

Alhaji yana ɓare goro, ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Ni ban san watan Nasara ba, Isyaku. A kan wata aka yi fatiha, ga shaida nan ka zo da shi. In abin ya fi ƙarfinka ka faɗa, yanzu a ƙirgo maka fam biyar ɗinka."

Muna fitowa Isyaku ya kai wa katangar zauren naushi. Ƙasa ta zubo, fatar yatsunsa ta ɗaye, jini ya ɓata masa hannun riga. Muka wuce gida.

Lauratu ce ta fara gane maganin abin, ita da ba ta taɓa fita ƙofar gida ba. Ta labule ta ce min, "Malam Ilu, ai fam ɗaya ne kawai ya yi mana tsaye. In muka sami guda na daban muka biya wata ɗaya da shi, shi ke nan mun wuce gaba. Kullum aka biya shi sai ya ware na watan da ke zuwa ya ajiye, ba sai ya ci bashi ba." Gaskiyarta. Amma ina fam ɗin? In ka cire na Alhaji da na haya da na mai hatsi da itace da kananzir, abin da ke saura ko cefanen mako biyu ba ya kaiwa. Sai ta sayi asusu na ƙasa, ta kama kaɗi da surfen ƙwadago. Tun da hantsi nake jin taɓaryarta ranar da ba mu da aiki, har la'asar. Kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, take jefawa, wata rana taro.

Ta kai wajen sule goma sha huɗu, sai haraji ya zo a mako ɗaya da tsayuwar wata, biya kuma saura kwana biyar. Ina tsakar gida ina wanke ƙafa na ji Lauratu tana ce wa Isyaku, "Malam, don Allah ka bari ya cika. Saura kaɗan fa. In ka fasa yanzu mun koma farko." Ta fito da gudu ta rungume asusun a ƙirji. Ya biyo ta, ya kama wuyan hannunta ya murɗe har ta yi ƙara, asusu ya faɗi bai fashe ba, ya sa dunduniya ya take shi. Kwabbai suka watse har bakin rijiya. Na tashi na riƙe shi, ya ture ni na faɗa kan turmi. Lauratu ta tsuguna tana tsince kuɗin da hannu ɗaya, 'yarsu na tsaye tana kuka. Ta tara ta zuba masa a hula, ta koma ɗaki. Kwana goma ba ta iya ɗaga taɓarya ba, kuma ba ta sake sayen asusu ba.

Daga nan aka shiga jingina. Babbar rigar nan ta tafi wajen dillalai a Ƙofar Wambai, ranar biya ya fanso ta, wata ya tsaya ta koma, har wata rana ba ta dawo ba. Tasoshin Lauratu suka bi ta. Mutum ya zama ba shi da aiki sai kallon sama. Ranar ashirin da tara ga wata, jama'a na fitowa bayan magariba suna neman jinjirin wata da murna, shi kuwa addu'arsa Allah ya kawo hadari ya rufe, ko ya sami ƙarin kwana guda. Na taɓa jin wani tsoho ya ce masa, "Isyaku, ga wata can, Allah ya sa mu ga ƙarshensa lafiya." Kallon da ya yi wa tsohon nan, na ɗauka dukansa zai yi.

Kafin azumi ya zagayo tazarar ta kai mako guda, babu abokin da zai iya jiran fam har mako. Nan Sabo ya shigo.

Bari in faɗi yadda ake biyanmu. Kowane lebura yana da lamba, wani ɗan faifan tagulla mai huda da muke ratayawa a wuya. Ranar biya akawu ba ya duban fuska, lamba yake duba. Wanda ya ajiye ta a tebur shi ake ƙirga wa kuɗi. Sabo kuwa wani siririn mutum ne mai tsabta da ke zama ƙarƙashin maɗaci a ƙofar kamfani da akwatin ƙarfe. Ka ba shi lambarka, ya ba ka fam, ranar biya ya je da kansa ya karɓi albashinka, ya cire nasa da ruwan sule biyu na kowane mako, ya miƙo maka saura. Waɗanda bashinsu ya fi albashinsu, da 'yan dako da masu amalanke da ba su da lamba, su kuma yana da mai bi masa su, wani ƙato da ake kira Ɗanladi, mai yawo da kulki. Isyaku ya sha cewa gara ya ci ƙasa da ya cire lambarsa daga wuya. A azumin nan ya cire ta.

Wata biyu bayan haka, ranar biya, Sabo ya cire sule huɗu maimakon biyu, wai kwana tara ya shiga mako na biyu. Isyaku ya tsaya a kansa ya ce a cika masa kuɗinsa. Ɗanladi ya taso ya dafa masa ƙirji da bakin kulki ya tura. Ban ga lokacin da Isyaku ya sunkuya ba, sai dai na ji ƙarar goshinsa a kan hancin mutumin. Ɗanladi ya yi baya, jini na zuba har cikin bakinsa, ya kawo duka da kulki ya sami Isyaku a kafaɗa. Isyaku ya kama shi ta wuya da ɗamara, ya ɗaga shi sama ya maka a kan sikelin awon fata. Ya hau ruwan cikinsa ya yi ta naushi, sai da mu biyar muka taru muka ɓamɓare shi. Ɗanladi ya bar haƙora uku a wurin, kuma ba a sake ganinsa a ƙofar kamfani ba.

Duk abin nan Sabo bai tashi daga tabarmarsa ba. Da ƙura ta lafa ya yafito Isyaku, ya miƙa masa sule biyun. Ya ce, "Ga kuɗinka. Amma wanda ka kwantar ɗin nan shi ke karɓo min haƙƙina, yanzu ba ni da kowa. Ka riƙe min aikin. Duk tsayuwar wata ka zo ka karɓi fam, ranar biya in cire fam, ba ruwa ko kwabo."

A hanya na ce masa, "Isyaku, kada ka yarda. Mutanen da za ka bi ɗin nan irinmu ne fa."

Ya ce, "Saura wata shida, Ilu. In na karɓi gidana ko hanyar maɗacin nan ba zan sake bi ba."

Wata shidan nan ba na son tuna su. Ya fasa wa wani ɗan dako baki a gaban 'ya'yansa a kan sule bakwai. Ya bi wani mai amalanke har kasuwar Kurmi, ya kifar da kayan mutane, ya shaƙe shi da rawaninsa har idanunsa suka firfito. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, mai tari, wanda ya taɓa ba mu sisi a wancan karon da muka yi masa karo-karo. Shi ma bai tsira ba, Isyaku ya ja shi bayan sito ya fito da shi yana ɗingishi. In ya shigo wajen cin abinci sai kowa ya ɗauke kwanonsa ya matsa. Ni kaɗai nake zama kusa da shi, kuma ba don ina jin daɗin zaman ba. Yakan dawo gida ya wanke hannu ya zauna a ƙofar ɗaki, in Lauratu ta ajiye tuwo wani lokaci har ya huce bai taɓa ba. Amma fam ɗin Alhaji bai taɓa makara ba.

To, ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Matata ta haihu, na ci bashin fam biyu wajen Sabo na sayi ragon suna. Ruwa ya yi ta hawa, wata biyu ina aiki Sabo na karɓe albashi, abin da yake miƙo min ko hatsi ba ya isa. Sai wata dabara ta zo min. Na je wajen akawu na rantse masa lambata ta faɗa rijiya. Ya ci ni tarar sule ɗaya, ya soke tsohuwar a littafi, ya ba ni sabuwa. Ranar biya na riga kowa zuwa tebur na kwashe kuɗina, Sabo ya zo da tsohuwar lamba aka ce masa wannan ta mutu. Leburori suka yi ta dariya a ɓoye. Kafin mako ya zagayo mutum biyu sun je sun ce tasu ma ta ɓata. Da na ji irin rantsuwar da Sabo ke yi a kaina, sai na kai matata gidansu, na daina zuwa aiki, na ɓuya a gidan kawuna a gindin Goron Dutse. Duk kamfanin nan mutum ɗaya ne ya san gidan.

Wata na ashirin ya tsaya ana saura kwana goma sha biyar a yi biya. Abin da ya faru a ƙarƙashin maɗaci da safen nan, daga baya Lauratu ta ba ni labari. Isyaku ya je karɓar fam ɗinsa na ƙarshe, Sabo ya rufe akwati ya zauna a kai. Ya san lissafin watannin nan sarai, ya san daga yau Isyaku ba shi da sauran bukatarsa.

Ya ce, "Yau babu rance. Kyauta zan ba ka, fam guda, ba sai ka biya ba. Amma ka san inda abokinka yake. Kuɗina ba su dame ni ba, so nake duk mai lamba a akwatin nan ya ga abin da ake yi wa wanda ya yi min wasa. Hannunsa nake so. Zan aika a duba kafin in ba ka."

Isyaku ya bar wurin ya shiga neman fam a gari. Wa zai ba shi? Abokan aiki rabi ya dake su, rabi ya daki 'yan'uwansu. Riga ta tafi, tasoshi sun tafi. Ya je wajen liman, liman ya ce shi shaida ne, ba ya shiga. Ya koma wajen Alhaji ya roƙi kwana goma sha biyar a kan fam na ƙarshe, bayan ya biya goma sha tara ba fashi. Alhaji ya nuna masa magina biyu da ke zaune a ƙofar gida suna cin goro, ya ce su ma magariba suke jira.

Bayan la'asar ina zaune a kan wani falalen dutse bayan gidan kawuna, sai na hango shi yana hawowa. Yana riƙe da guntuwar taɓarya. Can ƙasa wani mutum ya tsaya yana kallo, na gane ɗan aiken Sabo ne. Da na so gudu da na gudu, amma wallahi ban yarda zai iya ba. Har na yi masa sannu da zuwa.

Ya tsaya a gabana yana haki, idanunsa jawur. Ya ce, "Ilu, miƙo na hagu."

Na ce, "Me ka ce?"

"Na hagu. Ka ɗora a kan dutsen nan, sau ɗaya zan buga, a tsakiya, inda yake saurin ɗoruwa. Ni zan biya maɗori. Ni zan ci da gidanka har ka warke. Rana tana tafiya, Ilu, don Allah."

Na ce, "Ni? Ni da na bi mutane sisi-sisi saboda kai?"

Ya ce, "Na sani. Miƙo."

Na tofa masa yawu a fuska. Na sunkuya na ɗauki dutse na jefe shi, ya same shi a gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Na juya zan gudu ya cafko rigata, muka faɗi tare muka gangara. Na cije shi a kunne har na ji guntun nama a bakina, na kai masa gwiwa a ciki, duk bai sake ni ba. Ya juya ni rubda ciki, ya danne min baya da gwiwa. Ina ta fizge-fizge, na cusa hannun hagu a ƙarƙashin cikina don kada ya samu. Sai ya kama wanda ya samu. Ya miƙar da na dama a kan dutse, ya buga. Saboda ina motsi dukan bai sauka a tsakiya ba, a gwiwar hannu ya sauka. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Da zafin ya iso na yi ihun da ya fito da matan unguwa.

Ya tashi ya tsaya a kaina, taɓaryar ta faɗi daga hannunsa. Sai ya dubi rana, ya juya ya gangara da gudu. An ce ya biya wajen Sabo ya karɓi fam ɗin, ya isa zauren Alhaji ladan na gyaran murya, jini ya bushe masa a rabin fuska, ya ajiye fam ɗin a gaban liman da shaidu. Alhaji ya juya takardar kuɗin ya duba gaba da baya, ya sallami maginansa.

Ban kai ƙara ba. In na je gaban alƙali dole maganar lamba da rantsuwar ƙaryata ta fito, don haka na ce daga kan dutse na faɗo. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma gwiwar hannu ta ruguje. Hannun ya warke a lanƙwashe, ba ya miƙewa, ba ya ɗaukar abin da ya fi buta. Lebura mai hannu ɗaya ba shi da wuri a sito. Wata uku ban biya haya ba, mai gida ya fitar mana da kaya tsakar gida.

Ranar nan Isyaku ya zo da amalanke. Bai yi sallama ba, bai dube ni ba, ya kama loda kayanmu. Na zage shi, na zagi gidan, na ce gara in kwana a kwata. Matata tana tsaye da jariri a baya, ta ce min a hankali, "To ina za mu?" Muka bi amalanken har gidan da aka fansa. Ɗaki biyu ne, ya ba mu babban, wanda ubansa ya zauna, shi da Lauratu suka shiga ƙaramin. Har lokacin warin goro bai gama fita ba.

Kusan shekara huɗu muka yi a haka. Ya bar wa Sabo aiki kamar yadda ya ce, ya ci gaba da ɗaukar dila. Duk ranar biya sai ya auno hatsi ya raba biyu daidai, ya ajiye rabi a ƙofar ɗakina. Na kafa ɗan tebur a zaure ina sayar da ashana da sabulu da kuɗin da ya ba matata ta ba ni. Ban taɓa ce masa na gode ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar Goron Dutse ba. Mukan yi alwala a bakin rijiya ɗaya, shi yake jawo min guga, mu tafi masallaci ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na tsane shi, kuma tuwonsa nake ci. Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai taɓa zama a irin wannan hali ba.

A daminar 1959 ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Mutumin da ke saɓa dila shi kaɗai ya koma sai an tayar da shi zaune. Ranar da jikin ya yi tsanani ya sa aka kira liman da dattawa biyu, ya ce su shaida, ɗakin da Ilu ke ciki na Ilu ne da 'ya'yansa, kada wani ya tashe su. Sannan ya ce a matso da ni. Na tsuguna a gefen tabarma. Ya lalubo hannun nan nawa na dama, ya riƙe daidai gwiwar da ta lanƙwashe.

Ya ce, "Ilu, ka yafe min."

Liman yana kallona, dattawa suna kallona, Lauratu tana kuka a bayan ƙofa. Na ce, "Na yafe." Ya saki hannuna ya rufe ido, kafin azahar ya cika.

Har yau a ɗakin nake. Na faɗa ne don mutane suna wurin, kuma mai mutuwa ne ya roƙa. Na sha zama in tambayi kaina ko har zuciyata na faɗa, ban samu amsa ba tukuna.